Littafin Ma'aji

Ni aka danƙa wa littafin,
wai Barira ba ta ɓatan lissafi:
shekara sha tara ina awon gero,
ban taɓa tauye mudu ba.
Sai na ja layi a tsakiyar shafi,
hagu abin da ya shigo,
dama abin da ya fita.

A hagu:
ɗari bibbiyu daga masu suyar awara na Ƙofar Marusa,
duk Laraba, a ƙulle a bakin zane,
kuɗi masu maiƙo da ƙanshin yaji.
Rumfar niƙa ta Malam Ɗayyabu,
tun da injin ya mutu ya ce mu ɗauka,
ladan a kai wa mahaifiyarsa.
Tabarma shida, biyu sun zare.
Murfin tsohuwar firji,
Lurwanu mai fenti ya shafe shi baƙi,
ya zama allo.

A dama:
waken suya tiya uku, gyaɗa, gero,
sabulu sanda biyu, alli,
maganin tsutsar ciki,
kuɗin mota ranar da jikin Huwaila ya yi rau
muka kwana a barandar asibiti.

Yara talatin da huɗu.
Uwayensu sun fita tun assalatu,
wata wankau, wata surfe,
wata tsintar roba bayan kasuwa.
Da can ɗaki ake ja musu a tafi.
Yanzu nan ake sauke su, da majina da kuka,
da takalmi wari da wari.

Malama Sahura na da wani tsiri mai launi uku,
tana naɗa shi a damtsen yaro
kamar mai gwada awarwaro.
In ya tsaya a ja, sai ta yi shiru.
Na koyi tsoron shirun nan nata.
In ya kai kore, sai guɗa,
har mai facin taya ya leƙo.

A watan bakwai takarda ta zo daga Abuja:
tallafi ya ƙare, ana godiya.
Su ne suka zo bara da motoci biyu,
suka ɗauki hoton kofunanmu.
Daren nan ruwa ya sauka,
kwano ya yi yoyo daidai kan allo,
baƙaƙen da aka rubuta suka zubo ƙasa.

Muka zauna. Wata ta ce a rufe.
Iya Tabawa, mai haƙori huɗu,
ta kwance bakin zanenta ta ce,
da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Kuluwa ta sayar da tunkiya.
Ni na rage sukari a kunu,
ban gaya wa kowa ba, yaran suka gane.

Akwai Nafi'u.
A bayan kakarsa ya zo daga yamma da Batsari,
da dare, ba ta kan hanya ba.
Wata biyar bai ce uffan ba.
In babur ya yi ƙara sai ya shige ƙarƙashin benci.
Ba ya waƙa, ba ya ƙirga,
sai dai ya jera murafan kwalba,
ya rushe, ya sake jerawa.

Shekaranjiya ina rabon kunu,
ludayi ɗaiɗai, don tukunyar ta yi ƙasa,
na ji an ja mini zane.
Ya ɗago kofinsa shuɗi,
da wata murya kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba
ya ce: “A ƙara.”

Na ƙara.
Na kankare gindin tukunya na ƙara.
Sahura ta juya wa yara baya,
wai hayaƙi ne ya shiga idonta,
alhali wutar ta mutu tun hantsi.

Ga ni yau da littafin bayan isha,
fitilar waya na ta kashe kanta.
Saura dubu huɗu da ɗari uku,
ga bashin gawayi.
Ludayin nan na san gurbinsa, dama ne.
Kalmomin biyu nake ta juyawa,
na rubuta su a hagu,
ban sa adadi a gabansu ba.